Icce da Ƙorama: Me Ya Sa Ruwa Ba Ya Zama a Ƙasarmu?



  

Da aka ce in yi magana a wannan taro na tunawa da kafuwar ƙungiyarmu, shugabanni sun ce in zaɓi abu guda cikin abin da nake karantawa a sashen labarin ƙasa na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wanda zai amfane mu a nan Mirriya. Na zaɓi maganar icce da ruwa. Ku yi haƙuri da ni, ɗalibi ne ke magana gaban waɗanda suka girme shi a noma.

Ƴan'uwa, kuka biyu muke yi kowace shekara. A watan Agusta muna cewa ruwa ya yi ɓarna, ya yanke hanya, ya rushe katanga, ya zuba rairayi cikin garka. A watan Afrilu kuma muna cewa rijiya ta yi ƙasa, sai an ƙara igiya a guga. Mun saba ɗaukar su kamar masifu biyu da ba su san juna ba. Abin da nake so mu fita da shi yau shi ne, sau da yawa ciwo ɗaya ne. Ruwan da ya yi mana ɓarna a Agusta shi ne wanda muke nema a Afrilu, ya zo da gudu ya wuce, bai samu abin da zai tsayar da shi ba.

Bari in fara da gida. Ina ɗan aji shida aka yi wani ruwa da dare, ruwan da bai wuce awa biyu ba. Da safe muka bi kawuna zuwa garkarsa, muka tarar rairayi ya rufe rabinta, har da ƴar rijiyar da yake ban ruwa da ita. Kawu bai ce komai ba, ya ɗebi rairayin da hannu ya duba, ya ce mana wannan ƙasar gonakin tudu ce, ya san launinta. Gonakin nan kuwa an sassabe su tas, ko sabara guda ba a bari ba. A ranin wannan shekara ya tafi ci-rani, kuma shekara uku garkar ba ta koma yadda take ba. Na tabbata a cikinku akwai masu irin wannan labari.

Mirriya kuwa garin itatuwa ne tun asali. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdul Karim, ya ratso ta nan a ƙarshen shekarar 1852 kan hanyarsa ta zuwa Damagaram, kuma abin da ya ja hankalinsa har ya rubuta shi ne yawan itatuwan tsamiya. Har yau baƙo in ya zo kasuwar Lahadi, kukokinmu da garakenmu yake fara gani. Sannan ku duba sunan babban kwarin da ya ratsa kudancin jiharmu, daga wajen Kance da Matamaye ya yi gabas: Ƙorama. Bahaushe ba ya ce wa busasshen wuri ƙorama. Tsofaffi sun shaida ruwa yana daɗewa yana gudu a cikinta, yau kuwa a mafi yawan wurare sai tafkuna nan da can, da ruwan da ke kwance a ƙarƙashin rairayi.

To, mene ne aikin icce a cikin wannan magana? Mu bi ɗigon ruwa guda daga sama. In ya faɗo a kan ƙasa tsirara, yana dukan ta da ƙarfi, ya farfasa ta, ƴan ƙananan ƙwayoyin laka su toshe ƙofofin da ruwa ke shiga. Rana ta fito ta gasa wurin, sai ya yi ɓawo. Shekara kan shekara, wurin ya zama abin da muke kira fako. Ruwa na gaba in ya zo ba ya samun ƙofa, sai ya kwaranya, ya haɗu da ɗan'uwansa, su yi ƙarfi, su haƙa kwazazzabo, su kwashi ƙasar gona su kai fadama.

In kuwa ɗigon ya faɗo a kan icce, ganye ne ke fara tarbar sa, ya sauko a hankali. A ƙasa ya tarar da busasshen ganye da kashin dabbobin da suka sha inuwa. Gara da tsutsa sun riga sun huda ƙasar saboda wannan abinci, tsofaffin saiwoyi da suka ruɓe sun bar hanyoyi. Ruwan ya bi nan ya shige, ya yi ta sauka har ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Daga can yana tafiya a hankali zuwa kwari, tafiyar da ke ɗaukar watanni. Shi ne ruwan da mai garka ke ja a watan Maris, yana zaton daga gindin rijiyarsa ya fito, alhali daga tudu ya taso.

Kowa na iya gwada wannan da kansa. Ku samu gwangwanin tumatir babba guda biyu, ku cire musu baki da gindi. Ku kafa ɗaya a gindin gawo, ɗaya a kan fako, ku zuba wa kowanne kofi ɗaya na ruwa, ku duba agogon salula. Ni da na gwada, na gindin gawo ya shige ina tsaye, na fako kuwa har na gaji da jira.

Yanzu ɗan lissafi, kada ku tsorata. In an ce an yi ruwa milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane murabba'in mita. Hekta ɗaya tana da murabba'in mita 10,000. Ke nan ruwan milimita 30, irin wanda muke samu a dare ɗaya, lita 300,000 ne a kan hekta guda. In ka zuba shi a bido mai lita 25, bido 12,000 ke nan. A shekara muna samun wajen milimita 400 zuwa 500, wato aƙalla lita miliyan 4 a kan kowace hekta. Kun ga ashe Allah yana ba mu ruwa. Tambayar ita ce nawa ke shiga ƙasa, nawa ke gudu. Kuma duk wanda ya taɓa bin layin famfo a Damagaram da rani ya san darajar bido guda. Birnin yana zaune a kan dutse, ruwan shansa daga nesa ake jawo shi, daga rijiyoyin Gogo da Mashaya da Arunguza da Ganaram, kuma ruwan da ke kusa da sama, irin na Gogo da Mashaya, damana ce ke cika shi.

Abin da ke faruwa a ƴar ƙoramarmu yana faruwa a manyan koguna, kuma a can an daɗe ana aunawa, shi ya sa zan ɗan kai ku Yamai. Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gine masu dazuzzuka, kusa da iyakar Saliyo, tsawonsa wajen kilomita 4,200. A Yamai kogin yana cika sau biyu. Cika ta farko tana zuwa a Agusta da Satumba, ruwanta ja ne saboda ƙasar da ya kwaso. Tana fitowa ne daga rassa uku da ke gangarowa daga wajen Burkina Faso: Sirba, Dargol da Gorouwal. Cika ta biyu tana zuwa da sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu. Wannan ruwan Gine ne, wanda ya sauka tun damana, ya yi doguwar tafiya, ya bazu a babbar fadamar Masina ta ƙasar Mali, sannan ya iso a hankali, lokacin da masu shinkafa da masunta ke bukatarsa.

Ga abin mamakin. Bayan 1970 ruwan sama ya ragu a duk Sahel, har a watan Yunin 1985 kogin ya tsaya cik a Yamai. Amma da masu bincike suka duba ma'aunai, sai suka ga ruwan da ke gudu a irin su Sirba ƙaruwa yake yi, ko da ruwan sama ya ragu. Da Faransanci suna ce wa abin paradoxe du Sahel, wato al'ajabin Sahel. Babban dalilin da suka gano shi ne an sare daji, fari ya kashe saura, ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ya daina shiga. A da, cikar Gine ce babba. A ƴan shekarun nan jan ruwa kan wuce ta, kuma shi ne ya shiga unguwannin Yamai a 2012 da 2020, ga kuma rairayin da yake zubawa yana cike cikin kogin.

Haka yake a ƙasashen manyan dazuzzuka. A Burazil an kwatanta ruwan wani kogi mai suna Tokantins kafin a faɗaɗa gonaki da bayan an faɗaɗa. Ruwan sama bai canza sosai ba, amma ruwan kogin ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ƙarin ya fi yawa a lokacin cika, lokacin da ba a bukatarsa. A can akwai wani abu kuma: manyan itatuwan Amazon suna jan ruwa daga ƙasa su sake shi sama ta ganye, iska ta ɗauke shi ya sake sauka a wani wuri mai nisa. In dajin ya ragu, har mutanen da ba su taɓa ganin sa ba suna iya rasa ruwan sama.

A nan dole in faɗi gaskiya, kada ku fita ku ce na ce icce ne maganin komai. Farin 1973 da na 1984 sun rage ruwa ko da gatari bai taɓa daji ba. Mun ƙaru, garake sun ƙaru, injin ban ruwa yana ja cikin awa ɗaya abin da guga ke ja a wuni. Ruwan sama ma yanzu yakan zo da yawa a lokaci guda. Kun tuna damanar 2024, lokacin da tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Irin wannan ruwa, ko da daji, sai ya yi ɓarna. Akwai ma wurare a gabashin Yamai inda bayan sare daji ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau, don ruwan da ke gudu yana taruwa a tafkuna ya nutse ta nan, sai dai an biya da ƙasar gonakin da ta zaizaye.

Kuma icce shi ma yana shan ruwa. Wanda ya cika bakin rijiyarsa da turare ya ɗauko wa kansa abokin sha mai ƙishirwa. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka wallafa a 2016 ya nuna ruwa ya fi shiga ƙasa inda itatuwa suke a warwatse daidai wa daida. In babu su ruwa ya gudu, in sun yi cunkoso su shanye. Ku lura, wannan tsari na tsaka-tsaki shi ne gonar Bahaushe ta asali, gawo nan, kalgo can, hatsi a tsakani. Gawo kuwa kun san halinsa: yana zubar da ganye da damana, ba ya tare wa hatsi rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi ƴaƴa.

Yanzu labari mai daɗi, kuma namu ne. Bayan yunwar 1984, manoman ƙasar nan sun fara barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suna gyara shi maimakon su sare. Shi ake kira sassaben zamani. A jihar Maraɗi wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta yaɗa dabarar tun 1983. A nan jiharmu kuwa, a Magarya da Matamaye da Mirriya, waɗanda masu bincike ke kira 3M, manoma ne da kansu suka fi ɗaukar abin, saboda ƙasa ta ƙuntata kuma sun ga amfanin gawo. Da aka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, an ƙiyasta cewa a Nijar an rayar da wajen hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ƙasashen duniya suna zuwa koyon wannan wurin iyayenmu, mu kuma da yawanmu ba mu ma san an yi ba. Doka ita ma ta biyo baya: dokar gandun daji ta 2004 da wata doka ta 2020 sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena a gonarsa.

Sai dai aikin bai ƙare ba. Gawon da iyayenmu suka rena yana girma, ana sassare shi don dabbobi da itacen girki, amalanke kullum yana shiga gari da kaya. In ba a bar na baya suna tasowa ba, cikin shekara ashirin za mu koma gidan jiya. Wanda ke riƙe da adda ranar sassabe kuwa mu ne, matasa. Ni kaina na tuna ina yaro, in aka tura ni sassabe, alfaharina shi ne in bar gona fes kamar filin ƙwallo. Ban san ruwan rijiyar kawuna nake sarewa ba.

Don haka ina kawo wa ƙungiya shawara biyar, duk babu wadda ke bukatar kuɗin wani.

Na farko, a sassaben bana kowannenmu ya nemi izinin mahaifinsa ya bar toho. A kowane kututture mai rai ka zaɓi biyu ko uku mafiya ƙarfi, ka cire sauran, ka share rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Kututturen yana da tsohuwar saiwa mai zurfi, shi ya sa tohonsa ya fi dashe jure rani.

Na biyu, mu fara daga tudu. Mai garka yakan tsaya yana kwashe rairayi a fadama, alhali daga sama abin ke zuwa. Inda ƙasa ta riga ta zama fako, a haƙa rabin wata ko tassa, a jera duwatsu a gicciye, a zuba taki, a bar ciyawa ta dawo. Wannan aikin gayya ne. Fada guda, in ta ajiye shayi na safiya uku, za ta gyara fili mai yawa.

Na uku, bakin ƙorama da bakin tafki a bar musu goribarsu da giginyarsu da ciyawarsu, su ke riƙe gaɓa. Wanda zai dasa turare ya nisanta shi da rijiya.

Na huɗu, maganar itacen girki. Ba za mu ce wa iyayenmu mata su daina dafa tuwo ba. Amma reshen da aka cire wajen gyaran icce itace ne, kuma murhu mai rufi yana rage ci. Ƴan'uwa mata, ku kuka fi mu sanin nawa ake kashewa a itace kowane mako, muna bukatar ku a gaba cikin wannan. Haka makiyaya, a zauna da su gaban mai gari a yi yarjejeniya kan yadda za a sassabi reshe ba tare da an kashe uwar ba, don rigima ba ta taɓa rayar da icce ba.

Na biyar, mu riƙa aunawa. A zaɓi rijiya uku, ɗaya ta masallaci, ɗaya ta garka, ɗaya ta tudu. Ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ja, mutum biyu su zura igiya mai alama su rubuta zurfin ruwan a littafin ƙungiya. Haka nan itatuwan da muke dasawa ranar 3 ga Agusta, wadda ƙasarmu ta mayar ranar dashen icce tun 1975: muna dasawa, mu ɗauki hoto, mu watse. A bana mu koma a watan Afrilu mu ƙirga nawa suka rayu, mu rubuta gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Bayan shekara biyar littafin nan zai gaya mana abin da babu wani baƙo da zai iya gaya mana game da ruwan Mirriya.

Malamanmu sun sha karantar da mu cewa dashen icce sadaka ce mai gudana, kuma an hana mu ɓarnar ruwa ko a wajen alwala. Ba zan shiga gonarsu ba, su suka fi ni sani. Abin da zan ƙara kawai shi ne, butar da muke tsimi a ƙofar masallaci lita ɗaya ce ko biyu, ruwan da ke gudu daga gonar da muka sassabe tas kuwa dubban bido ne a dare guda. In mun iya kula da na buta, ya kamata mu kula da na gona.

Kawuna ya dawo daga ci-rani tuntuni, kuma shi da maƙwabcinsa na tudu sun daidaita, an bar gawo da kalgo a gonar da ke samansa. Ban ce rairayi ya daina zuwa gaba ɗaya ba, amma bana ya cire rogo da albasa a wurin da aka taɓa binnewa. Littafin awon rijiya kuwa na riga na saya, yana hannun sakataren ƙungiya. Masu son shiga aikin su ba da sunansu bayan an tashi.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, iyaye da malamai su gyara mini. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu daga ruwan ɓarna, ya ja zamanin wannan ƙungiya.